Lungun da Mota Ba Ta Shiga

Ranar addu'ar arba'in ɗin Babanku, bayan baƙi sun watse, kun baje tabarma a tsakar gida kuna tuna shi, dariya na haɗuwa da hawaye. Ina bakin ƙofar ɗakina ina jan carbi, sai na ji Kabiru ya ce:

"Allah ya jiƙan Baba, amma fa akwai maƙo. Mutum ya samu gida mai famfo da lantarki a Tudun Jukun, ya kwaso mu ya cusa a lungun da ko mota ba ta shiga!"

Kuka kwashe da dariya, har da ke Sadiya, da lokacin kina goye, ba ki ma san an yi ba. Ina cikin takaba, ba ni da bakin gardama. Amma maganar ta tsaya mini a rai har yau. Kai Kabiru, tun kana ƙarami bakinka ya fi ka girma, ga shi furfura ta fara fito maka bai daina ba. To ku buɗe kunne. Babanku bai zaɓi gidan nan ba. Ni na zaɓe shi, da rigima ma kuwa, shi kuma ya ɗauki laifin ya tafi da shi kabari bai taɓa tona ni ba. Tunda Allah ya bar ni da sauran numfashi da ɗan ƙarfin riƙe biro, sai na wanke shi.

A Gusau muke kafin nan, a kwatas ɗin ma'aikata. Shi malamin gona ne, rabin wata yana gida rabin wata yana ƙauyuka, ni kuma ina koyarwa a firamare. Ku uku ne a lokacin: Yayarku Uwani tana shekara tara, Kabiru shida, Sadiya tana nono. Uwani laƙabi ne, kun sani, tunda 'yar fari ce ba na kama sunanta na yanka, haka na ga iyayenmu suna yi. Kun kuma san ciwonta, don kun tashi kuna ganin tana haɗiyar ƙwaya safe da yamma. Farfaɗiya ce, ta fara mata tana shekara bakwai. Abin da ba ku sani ba shi ne yadda ake kallon wannan ciwo a wancan zamani. Cewa ake yi in yawun mai ita ya taɓa ka, ka ɗauka ke nan. Likita ya ce mana wannan zancen banza ne, amma likita ba ya zaune a unguwarmu. Wata rana ina makaranta, ita ba ta je ba tana zazzaɓi, ta fito shan iska a bayan gidaje inda wata maƙwabciyarmu ke suyar ƙosai, sai abin ya tashi. Hannunta na dama ya faɗa kan itacen wuta. Manyan mata biyar ne a wurin, kowace ta janye 'ya'yanta ta tsaya daga nesa tana salati. Sai da wani mai sayar da itace da ke wucewa ya ja ta da gefen zaninta. Tabon da ke bayan hannunta, na ranar ne. Ban sake gaisawa da matan nan da zuciya ɗaya ba, kuma da takardar canjin aikin Babanku zuwa Zariya ta zo, har sujadar godiya na yi.

Shi ya fara zuwa ya nemi gida, sannan wata Asabar ya ɗauko ni a 'yar motarsa, da Sadiya a baya, in zo in gani. Tudun Jukun muka fara zuwa. A lokacin unguwar ba ta cika ba, gida nan gida can, duk na bulo. Kai, gidan ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ɗaki uku da falo, famfo a tsakar gida, katanga doguwa, da ƙofar ƙarfe wadda mota za ta shige har ciki. Babanku yana ta nuna mini abubuwa yana murmushi kamar shi ya gina.

"Malama, duba nan. Babu rijiya, babu murhu, risho za ki riƙa kunnawa. Ga katanga, ko ta faɗi ba mai gani. Yarinyar nan ta huta, mu ma mu huta."

Na ce haka ne, kuma har zuciyata na yarda. Ya tsaya magana da dillali, ni kuma na fito waje da Sadiya da ke ta kuka, zafi ya dame ta, famfon gidan kuwa ba a haɗa shi ba tukuna. Na ƙwanƙwasa gidan da ke dama in roƙi ruwa, shiru. Na hagu ma shiru. Na tsallaka titi, nan ne wata murya ta ce daga ciki, wa ake nema, matar gidan ba ta nan, ba a kuma buɗe ba. Kada ku ce na zagi mutanen Tudun Jukun, daga baya na yi ƙawaye a can, mutanen kirki. Ma'aikata ne irinmu, kowa ya kulle gida ya fita neman abinci. Amma ina tsaye a titin nan da jaririya a hannu sai tambaya ɗaya ta faɗo mini: ranar da ni ina aji, shi yana ƙauye, ta faɗi a bayan wannan doguwar katanga, wa zai ji?

Gida na biyu ba da niyya ya kai ni ba. Na kawun wani abokin aikinsa ne, a cikin birni wajen Ƙofar Galadima, ya ce mu leƙa kawai don kada mutumin ya ji babu daɗi. Muka ajiye mota a gindin wani rimi muka taka da ƙafa, lungu na shiga lungu, ga ruwan kwata, ga awaki, shi yana ɗingisawa da gwiwarsa da ya taɓa faɗuwa a babur yana tsaki. A bakin lungun ƙarshe akwai dakali, a kansa wani mutum zaune, zai yi shekara hamsin, ya jera tsakuwoyi a gabansa yana yi musu faɗa. Kallo ɗaya za ka san akwai taɓin hankali. Na ja mayafina zan raɓe, sai idona ya tsaya a kansa. Rigarsa fara ce tas. An yi masa aski, sabo, har kan yana sheƙi. Farcensa a yanke. Na ga masu irin lalurarsa a garuruwa da yawa, ban taɓa ganin wanda ƙafarsa ta sha mai ba sai shi.

Gidan kuwa, na ƙasa ne, zaure biyu, rufin azara, ƙamshin tsohon ɗaki. A tsakiyar tsakar gida ga rijiya a buɗe, bakinta bai kai gwiwa ba. Babanku ya dube ta, ya dube ni, ya ɗaga gira, ya fita zaure. Ina nan tsaye sai wani ɗan ƙyaure da ban lura da shi ba a jikin katanga ya yi ƙara, wata tsohuwa gajera ta sunkuyo ta shigo da kwanon sha a hannu. Inna Dudu ke nan, wadda kuka tashi kuna yi wa ɓarnar gyaɗa. Ban roƙi ruwa ba, kukan yarinya ta ji ta katanga. Muka gaisa, tana jin harshena ta tafa hannu.

"La, Bakanuwa ce! Mun shiga uku, a ɓoye tukwane."

"Inna, ai ku Zage-zagi ba ku da tukunyar da za a ɗauka," na ce, muka yi dariya. Sannan na tambaye ta, "Wancan bawan Allah na kan dakali, ɗan wane gida ne?"

"Tanimu? Namu ne."

"Ɗanki ne?"

"Ɗan wa? Iyayensa sun daɗe a ƙasa. Na lungu ne. Gida bakwai ne mu a nan, kowa da ranarsa. Yau Asabar tuwonsa na gidan liman, gobe nawa. Laraba ta gidan nan ce, tun da aka tashi ni ke riƙe da ita, bayana har ya gaji. In kun zo za ki karɓi abarki, kada ki ce ba a faɗa miki ba. Aski kuma wanzami ke yi masa duk Juma'a."

Ta faɗe shi ne kamar tana gaya mini ranar kasuwa. Muna komawa mota na ce da Babanku ni gidan birni nake so. Ya ɗauka wasa nake, da ya ga fuskata sai ya kashe motar da ya riga ya tayar.

"Kin ga rijiyar nan kuwa?"

"Na gani."

"Kin ga murhu a kowane gida? Kin san gida nawa ne, rijiya nawa ce? Malama, da hankalinki?"

"Malam, a Gusau ma ai famfo gare mu."

Ya sake tayar da motar muka kama hanyar Gusau. Mako uku muka yi muna wannan tirka-tirka. Ni kun san halina, in na kafe sai Allah. Har na ce masa in Tudun Jukun ne ya tafi shi kaɗai, ni da 'ya'yana Kano za mu, gidan ubana bai rushe ba. Ƙarshe ya sakar mini, amma da kalmar da ta fi mari ciwo.

"Shi ke nan. Duk abin da ya same ta, ke da Allah."

Ya kafa sharaɗi biyu: a rufe rijiyarmu kafin mu tare, kuma kada kowa ya san ciwon yarinya. Na farkon daidai ne. Na biyun kuwa da sauri na amsa, domin ni ma abin da ke raina ke nan. Ku dubi wauta irin tawa. Na zaɓi mutane saboda na ga yadda suke riƙe da Tanimu, sannan na shigo cikinsu na ɓoye musu tawa.

Da farkon damina muka tare. Kwana uku ban ɗora tukunya ba, kwanuka ke ta shigowa ta ɗan ƙyauren nan, tuwon dawa, dambu, fate, har da fura daga gidan liman. Wayyo, lungun nan na wancan lokaci! Da asuba ka ji ƙarar guga tana bugun bangon rijiya gida-gida, sai karatun yara daga zauren liman, sai daka ya ɗauka, turmi na amsa wa turmi. Da hantsi maza su baje a zaurukansu suna ɗinkin hula da aikin babbar riga, allura na tafiya hira na tafiya. Inna Dudu kuwa ba ta san magana a hankali ba, in tana faɗa da akuyarta duk gida bakwai sai sun san laifin akuyar. In ruwa ya sauko, indararo ya riƙa zuba, ƙamshin jiƙaƙƙiyar katanga ya cika ɗaki. Har gobe in na ji wannan ƙamshin sai ƙirjina ya yi nauyi.

Akwai wata al'ada da ku ba ku tarar da ƙarfinta ba, ɗiban wuta. Ba kowace mace ke kunna wuta da safe ba. Wadda tata ta fara kamawa, sauran sai su aiko 'yan matansu da kasko ko tsohon marfin kwano a zuba musu garwashi. Ta ƙananan ƙyamaren nan suke bi, gida ya shiga gida, ba sai sun fita titi ba. Kuma ba wuta kaɗai ake ɗauka ba. A nan ake jin wa ya kwana da ciwon kai, wa ta fara naƙuda, wa ya yi baƙo. Gidan da ba ya aikowa ɗiban wuta, ba a kuma zuwa ɗiba a wurinsa, to ya ce ba ya bukatar kowa ke nan. Ni ban san haka ba, ko in ce na sani na toshe kunne. Yaya zan ba mai farfaɗiya garwashi ta ratsa gidaje masu rijiya a buɗe? Sai na sayi ashana da risho, na sa wa ɗan ƙyauren sakata. Uwani kuma ƙafata ƙafarta, mu tafi makaranta tare mu dawo tare, daga nan ba ta ko leƙa zaure.

Ba a yi wata biyu ba gaisuwa ta fara sanyi. Na ji an sa mini suna, Malama mai ashana. Hajiya Ladi ta gida na uku, wadda ba ta iya ɓoye abu a ciki, ta tare ni a gidan suna ta ce, ashe 'yan boko wutarsu ma daban ce. Na ji zafi, na kuma rama, na ce eh, tamu ba ta hayaƙi. Tuwon Tanimu dai ban taɓa fashi ba ranar Laraba, da shi nake lallashin kaina cewa ina cikin mutane. Wadda ta sha wahalar abin ita ce Yayarku. Kullum da safe sai in gan ta ta manna ido a tsagar ƙyauren tana kallon 'yan mata suna wucewa da kaskonsu suna dariya.

"Mama, ni ma ki aike ni mana. Ko sau ɗaya."

"Muna da ashana," nake ce mata, in juya baya don kada ta ga idona.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, cikin marka. Kwana uku ana ruwa, Babanku yana ƙauye, ashanar duk ta sha sanyi. Ina durƙushe gaban risho ina ƙyastawa tana karyewa, ina ta masifa ni kaɗai, Sadiya na kuka, Kabiru na cewa yunwa. Ban ji zarar sakata ba. Abin da na ji shi ne salati daga gidan Inna Dudu, da ƙarar kasko ya fashe. Na waiga, ƙyauren a buɗe. Ban san lokacin da na ratsa shi ba, ba ɗankwali, ba takalmi, kuma a gaban matan lungu da 'ya'yansu na ƙwala kiran sunan da ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa shi.

"Bilkisu!"

Tana kwance a ƙasa, taku ɗaya tsakaninta da bakin rijiya, jikinta na fizga. Garwashi ya watse ko'ina yana huci a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Inna Dudu ta zauna dirshan tsakaninta da rijiyar, ta jingina bayanta da bakin, ta ɗora kan yarinyar a cinyarta ta juya ta gefe. Kumfa na fita daga bakinta, tsohuwar nan tana sharewa da gefen zaninta, da tafin hannunta. Wata ta rugo da cokali za ta cusa mata a baki, Inna ta daka mata tsawa ta ce ta ɓace mata da gani. Sai da jikin ya lafa, yarinya ta yi ajiyar zuciya ta shiga barci, sannan na lura da ƙafar Inna. Da tafin ƙafarta ta share garwashin daga jikin Uwani, ba takalmi. Fatar ta saluɓe.

Na durƙusa ina kuka ina ba ta haƙuri, ina cewa zan wanke mata zanin. Ta kore kowa, ta sa aka kwantar da yarinya a gadonta, sannan ta dube ni. Ban taɓa jin muryarta ƙasa-ƙasa ba sai ranar.

"Tun yaushe?"

"Shekara biyu, Inna."

"Shekara biyu. Kika shigo cikinmu kika yi shiru. Ke Malama, da hannuna na zuba mata wutar nan. Har ina murna, ina cewa yau Bakanuwa ta sauko. Da ta faɗa rijiyar nan fa? Da wane ido zan dube ki, da wane baki zan amsa wa Ubangiji? Kin kusa sa ni kisan kai, ina zaman zamana."

"Tsoro na ji. Inda muka fito gudunta aka yi."

"To da kika ga Tanimu, ce miki aka yi dutse ne mu, shi kaɗai muke iya gani?" Ta dubi ƙafarta. "Na yi ƙane mai irin wannan. Tashi ki ɗebi wuta ki je ki ba 'ya'yanki abinci."

Ba ta ƙara ko kalma a kan ƙanen ba. Sai bayan shekaru matar liman ta gaya mini a kududdufi aka tsince shi, iyayensu sun ɓoye ciwon, abokan wasansa ba su san ba a barinsa kusa da ruwa ba.

Kada ku ɗauka daga ranar kowa ya rungume mu. Kafin azahar labari ya gama lungu, ya fita har bakin kasuwa, abin da Babanku ke gudu ke nan. Hajiya Ladi ta hana 'ya'yanta cin abinci kwano ɗaya da Uwani, kuma ta yi shekaru a kan haka. Wasu in sun gan mu sai su yi ta sannu, sannu, irin wadda ke sa mutum ya ji kamar ya nutse. Na kwana biyu ina cewa a raina, shi ke nan, Malam ya yi gaskiya, in ya dawo zan ce masa ya nemi dillalin nan.

Ranar Alhamis ya dawo. Ya ajiye mota a gindin rimi ya tako, ni ina ta shirya yadda zan faɗa masa. Ya shigo ya zauna a bakin gado bai cire hula ba. Ashe tun a hanya liman ya tare shi ya gaya masa komai. Na jira faɗa, na jira ya maimaita mini kalmar nan tasa. Sai ya ce:

"Na biyo ta wajen Malam Idi kafinta. Na ga faifan katako manya-manya jingine a bango, da marfi da maƙalar kwaɗo. Na ƙirga, shida. Na ce na mene ne, ya ce na rijiya ne, wai mutanen lungu sun ce ganye na ɓata musu ruwa."

Ya cire hular ya riƙe a hannu.

"Malama, bishiya nawa ce a lungun nan?"

Babu ko ɗaya, kun sani. Rimin ma yana can bakin titi. Kafin Juma'a ta zagayo duk rijiyoyin an rufe su, har da ta Hajiya Ladi, kuma tata ce ma aka fara sa wa kwaɗo. Ba wanda ya zo ya ce mana don ku muka yi. Ba a yi taro ba, ba a nemi ko sisinmu ba, da Babanku ya je yi wa liman godiya sai ya ce masa bai san zancen da yake yi ba. Daga ranar ban sake jin kalmar Tudun Jukun a bakinsa ba. Bai ma jira dare ba, da rana tsaka ya nemi gafarata a kan abin da ya ce, ni ma na nemi tasa, don nawa laifin ya fi.

Inna ta yi wata guda ba ta taka ƙafar ba, daga kan gado take mulki. Ita ta yanke cewa Uwani za ta riƙa bin 'yan mata ɗiban wuta kullum, amma wata ce za ta riƙe kaskon, ita kuma ta riƙo gishiri ko daddawa ko duk abin da aka aika. Ta koya wa kowace yarinya abin da za ta yi: a juya ta gefe, a janye abin da zai ji mata ciwo, a kira babba. Ta kawo rubutu da turare, na karɓa, muka kuma ci gaba da zuwa asibiti can wajen Wusasa har aka dace da ƙwayar da ta karɓe ta. Kafin nan ta faɗi a lungun ya fi sau goma, ban taɓa tarar da ita ita kaɗai ba. Sau ɗaya a gaban dakali ne, ba kowa sai Tanimu. Hularsa ya cire ya tura ƙarƙashin kanta, ya tsaya yana ihu har maza suka fito daga zaure.

Abin da wannan zaɓi nawa ya ci wa Babanku, ni na sani. Shekara talatin da wani abu yana ajiye mota a gindin rimi yana takowa da gwiwar nan, cikin ruwa da rana, har ta kai shi ga sanda. Abokan aikinsa suka gina gidaje a sababbin unguwanni suna yi masa tsiya, wai malamin gona ya koma gidan ƙasa. Da aka tashi sayar da gidan nan, shi ya saya, bai ko yi shawara da ni ba. Maganar maƙo kuwa, kai ka jawo ta, Kabiru. Kana aji huɗu ka dawo daga gidan wani abokinka a Tudun Jukun, muna cin abinci, Yayarka na zaune kusa da kai, ka ce Baba me ya sa mu ba mu zauna a can ba. Na ga ya saci kallonta, tana sunkuye tana cin tuwonta da hannun nan mai tabo.

"Tsada," ya ce. "Babanka ba ya son kashe kuɗi."

Ya gwammace ku kira shi mai maƙo da a ce yarinyar nan ta tashi tana jin ita ta hana ku famfo da lantarki. Uwani, ke ma yau kike jin wannan, ki yafe mini. Ba ke kika hana su komai ba, ni ce, kuma da za a mayar da ni gindin rimin nan da Sadiya a baya, lungun nan zan sake shiga.

Ke kuma Sadiya, ga shi yanzu an yi wa mijinki canjin aiki zuwa Abuja, kina ta turo mini hotunan gidaje a waya, wannan da waya mai lantarki a kan katanga, wancan da mai gadi, kina tambayata wanne ya fi tsaro ga yara. 'Yar nan, ni ba na iya gani a hoto. Ki je da ƙafarki, ki ƙwanƙwasa gidan dama da na hagu ki roƙi ruwa, ki duba wanda ya fi kowa rauni a unguwar ki ga yadda ƙafarsa take. In kin samu mutane, kada ki yi irin tawa, ki gaya musu abin da ke damunki tun ranar farko.

Makon jiya na bi ta ɗan ƙyauren na shiga gidan Inna Dudu, Allah ya haskaka kabarinta. Jikanta ne a ciki yanzu da amaryarsa, yarinya ƙarama daga Tudun Wada. Kowa ya ja ruwan burtsatse, rijiyar sai wanki, marfin ma an sake shi ya kai sau uku. Na tarar ta ja guga ɗaya, ta mayar da marfin ta sa kwaɗo, alhali za ta sake ja yanzu-yanzu, kuma ko ɗa ba ta da shi. Na ce, amarya, wannan wahala fa?

"Haka na tarar, Hajiya. An ce a lungun nan ba a barin rijiya a buɗe, saboda wata yarinya."

"Wace yarinya?"

"Wallahi ban san sunanta ba."

Ni na san sunan. Na gyara mayafina, na ce Allah ya yi mata albarka, na sunkuya ta ƙyauren na dawo gida.